Tsoro Iri-iri Ne: Yadda Na Koya wa 'Yan Aji Biyar Kalmominsa na Ingilishi

Duk malamin Ingilishin da ya taɓa zama gaban tulin takardun insha'i na 'yan sakandare ya san jimlar nan: "Fear gripped me." Yaro ya ci karo da maciji a bayan gida, ita ce. Ɓarayi sun hauro katanga, ita ce. Ana jiran fitowar sakamakon jarrabawa, ita ce dai. Bayanta sai "I took to my heels," daga nan kuma a farka a ga ashe mafarki ne. A jarrabawar WAEC ana son insha'in da bai gaza kalma 450 ba, kuma cikin maki 50 na insha'in, 20 na iya sarrafa harshe ne, wato zaɓen kalma da ginin jimla. Yaron da kalmar tsoro ɗaya tak ya mallaka a nan yake zubar da makinsa, shi kuwa gani yake ya yi bajinta.

Masu ƙoƙari a cikinsu kan nema wa kansu magani, su haddace manyan kalmomi daga 'yan littattafan share fagen jarrabawa. Ta haka na samu wanda ya rubuta cewa ya zama flabbergasted da ya ga fatalwa, alhali kalmar mamaki take nufi, irin na wanda aka tasa daga barci aka ce masa ya samu kujerar Makka. Wannan ya sa a zango na biyu na ware wasu darussa a makarantar jeka-ka-dawo da nake koyarwa a Katsina, na zauna da 'yan aji biyar a kan kalmomin da Bature ke faɗin tsoro da su, da rashin kwanciyar hankali, da abubuwan nan da ke sa mutum ya ji wani iri.

Da Hausa na fara. Na tambaye su bambancin fargaba da firgita, nan take ajin ya kaure. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai fargaba tun abin bai zo ba ake yin ta. Firgita kuwa sai ya faɗo maka ba shiri." Wani ya kawo zullumi, wani ya jefo ɗar-ɗar, aka yi ta musu kan ko razana ta fi firgita nauyi. Kafin a kaɗa ƙararrawa allo ya cika: tsarguwa, kaɗuwa, gigicewa, faɗuwar gaba, tashin tsikar jiki, "jikina ya ba ni," "cikina ya ɗuri ruwa." Yaran da kalma ɗaya suke juyawa a Ingilishi, ga su da cikin allo a harshen gida, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya karantar da su bambancin.

Abin da na so su gane shi ne, ba yawan tsoro ke raba kalmomin nan ba. Ƙaramin ƙamus zai ce maka scary mai ban tsoro, eerie mai ban tsoro, creepy mai ban tsoro, sai yaro ya ɗauka wannan ta fi waccan zafi ne kawai, ya zaɓi wadda ta fi daɗin faɗa. Tambayar da ke raba su ita ce: ina abin tsoron yake? Yana gabanka kana ganinsa, ko yana tafe bai iso ba, ko ya riga ya auku kana kallon ɓarnarsa, ko kuwa ba ka ma tabbatar akwai shi ba?

Ukun farko ba su ba mu wuya ba. Dread fargaba ce, ta wanda zai shiga ofishin shugaban makaranta gobe da safe. Startled firgita ce ta ɗan lokaci, an buga ƙofa da ƙarfi ka zabura, shi ke nan. Panic gigicewa ce, inda tsoro ke ƙwace wa mutum tunani. Asalinta sunan Pan ne, wani abin bautar Girkawan da, wanda suka ɗauka shi ke jefa wa garke da matafiya tsoro a daji ba gaira ba dalili. Terror da horror ne suka ɗan ja mu. Wata marubuciya 'yar Ingila, Ann Radcliffe, ta raba su a wata maƙala da aka buga a 1826 bayan rasuwarta: terror na farkar da mutum ya sa duk gaɓoɓinsa su saurara, horror kuwa ƙanƙance shi yake yi ya daskarar da shi. Na ce musu jin takun mutum a tsakar gida da ƙarfe biyun dare terror ne, isa wurin da mota ta kife a ga abin da ya rage horror ne. Ita horror ɗin ma daga wata kalmar Latin take mai nufin gashi ya miƙe tsaye, wato tashin tsikar jikin da muka riga muka rubuta a allo.

Na huɗun, wato tsoron abin da ba ka ma tabbatar akwai shi ba, shi ne ya cinye yawancin lokacinmu, domin nan ne Ingilishi ya tara kalmomin da ba su da takwara guda a Hausa, sai dai a kewaya da jimla.

Eerie ta wuri ce da yanayi. Kalma ce da ta fito daga bakin mutanen Sikotilan da arewacin Ingila, kuma da can mai jin tsoron take siffantawa, daga baya ta koma kan abin da ke sa shi. Ba ta bukatar dodo ko ɗan fashi. Abin da take bukata shi ne a rasa abin da ya kamata a samu, ko a samu abin da bai kamata ba. Na ba su labarin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe Katsina da Gusau ruf da hantsi, lokacin yawancinsu ko dai suna goye ko ba a ma haife su ba. Hasken ya fara komawa wani iri, ba na magariba ba, ba na hadari ba. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mutane suka nufi masallatai. Babu abin da ya taɓa kowa, amma jikin kowa ya yi sanyi. Sun saurara, sai dai na ga labari kawai suke ji. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kamar babbar kasuwa lokacin kullen korona?" Ya ce babansa ya goya shi a babur sun bi ta wajen da rana tsaka a 2020, rumfuna a rufe, ba ɗan dako ko ɗaya, ba mai tallan ruwa, sai leda da iska ke ja a kan kwalta. Misalinsa ya fi nawa, domin dukansu sun ga wannan da idonsu. Kasuwa ba kowa da tsakar dare ba eerie ba ce, haka ta saba. Kasuwa ba kowa da azahar ita ce eerie.

Creepy kuwa yawanci ta mutum ce. Tushenta creep, wato rarrafe ko sanɗa, kamar wani abu na bin fatar jikinka. A nan 'yan mata suka riga maza ganewa da nisa. Da na ce mutumin da ya tare ka da bindiga scary ne, ba creepy ba, domin ka san abin da yake so, sai wata ta ce, "To Malam, wanda kullum yake tsaye a bakin layi, bai taɓa ce miki komai ba, amma ran nan sai ki ji ya kira sunanki cikakke fa?" Na ce ta gama darasin. Akwai binciken da Francis McAndrew da Sara Koehnke na kwalejin Knox a Amurka suka buga a 2016, inda suka tambayi mutum 1,341 abin da ke sa su ji wani creepy ne. Abin da suka fitar shi ne rashin tabbas: ba ka san ko mutumin na da haɗari ba, ba ka kuma da hujjar gudu ko ihu, sai ka tsaya a tsakiya kana ɗar-ɗar. Mafi yawan waɗanda aka tambaya sun ce irin wannan mutum ya fi zama namiji, kuma cikin halayen da aka fi ambata akwai zura wa mutum ido kafin a yi masa magana, da yawan taɓa shi, da neman ɗaukar hotonsa. Mu a Hausa cewa muke yi, "Ni dai hankalina bai kwanta da shi ba." Na lura samarin ajin sun yi tsit a wannan darasi, kuma ban ga laifin hakan ba. Wataƙila ranar ce farkon da wasunsu suka ji yadda tsayuwar bakin layi take a idon wadda ake tsayawa dominta.

Uncanny ce ta fi wuya, don haka na je mata da kayan aiki. Na aro kan mutum-mutumin roba daga wani mai shagon hijabai, irin wanda ake ɗaura wa ɗankwali a ajiye a gilashi, mai gashin ido da jan baki da idanu masu sheƙi. Na ɗora shi a kan teburina yana fuskantar aji, ban ce komai a kansa ba, na ci gaba da rubutu a allo. Da farko dariya aka yi ta yi, wani ma ya gaishe shi. Can dariyar ta mutu. Ina cikin bayani sai yarinyar da ke kujerar gaba ta ce, "Malam, don Allah a juya ta ta kalli allo." Na ce me ta yi miki? Ta ce, "Ba komai. Kallona take yi." Ta san roba ce, ta san ba ta gani, amma ga shi har ta kira ta da "ta."

Wannan shi ne uncanny: abin da ka sani ne, amma ya kauce kaɗan daga yadda ka san shi. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Ernst Jentsch, ya rubuta a 1906 cewa babban tushen wannan ji shi ne shakkar ko abu mai rai ne ko marar rai, ya ba da misali da 'yan tsana da gumakan kakin zuma. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Ostiriya, ya ɗora a kai a 1919, ya ce abin ba baƙo ba ne, na gida ne da ya dawo da wata fuska. A 1970 kuma wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa duk yadda na'ura ta ƙara kama da mutum, mutane na ƙara sonta, har sai ta kusa zama mutum sak amma ba ta kai ba, sai son ya rikito ya koma ƙyama. Shi ne abin da ake kira uncanny valley a yau. Wannan bai yi wa yaran nisa ba, domin sun sha ganin bidiyoyin da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira a waya, inda baki ke motsi daidai da magana amma idanu ba sa rakiya. Na ƙara musu da wanda ya fi kusa: ka shiga tasha a garin da ba ka san kowa ba, ka ji muryar mahaifinka da ya rasu, ka waiwaya ka ga baƙo ne, amma har tafiyar iri ɗaya. A nan ake cewa "an uncanny resemblance." Ana kuma cewa "an uncanny ability" ga wanda ya iya abu har iyawar ta fara ba da tsoro, kamar tsohuwar da ke kallon sama ta ce yau za a yi ruwa kafin la'asar, kuma a yi.

Sauran mun bi ta kansu da sauri. Spooky daga kalmar fatalwa ta mutanen Holan take, kuma tsoron wasa ne, na bikin Halloween da ake yi ran 31 ga Oktoba da na tatsuniyar dare; na hana su sa ta a labarin jana'iza. Weird a tsohon Ingilishi ƙaddara take nufi, amma yau ta sha ruwa, ko abinci ya canza ɗanɗano sai a ce weird. Ominous ta abin da ke nuna sharri na tafe ce, baƙin hadari ko shirun da ya biyo bayan tambaya. Foreboding ita ce "jikina ya ba ni." Uneasy da unsettled na wanda hankalinsa bai kwanta ba ne, kuma su na fi so yaro ya riƙe, domin ba sa cika baki kuma da wuya a sa su inda ba su dace ba. Wadda ta fi ba su dariya nightmare ce, da na gaya musu mare ɗin da ke cikinta ba goɗiya ba ce, wani mugun iska ne da Turawa a zamanin baya suka yarda yana hawa ƙirjin mai barci ya danne shi. Ajin gaba ɗaya ya ce, "Dannau!"

Wata muhawara ta taso da ban shirya mata ba. Wani ɗalibi da ke zuwa Islamiyya da yamma ya ce shi ba zai rubuta ghost ba, domin wanda ya mutu ba ya dawowa, abin da mutane ke gani aljani ne. Gaskiyarsa ta fuskar harshe ma. Ghost a labaran Turawa ruhin mamaci ne da ya kasa barin wuri, shi ya sa haunted house gida ne da wani ya mutu a ciki ya ƙi tafiya. Kangon da ake cewa kada yara su shiga da magariba a unguwanninmu ba shi ke nan ba. Muka tsaya a kan cewa wanda aljani yake nufi ya rubuta jinn, kalma ce da ke cikin ƙamusun Ingilishi, ba sai ya ari fatalwar wasu ba. Ni a ganina insha'in da ya faɗi abin da yaro ya yarda da shi ya fi wanda ya kwaikwayo daga fim armashi, ko a idon mai ba da maki.

Sai nahawu, wanda shi ne ke kayar da su bayan sun gane ma'ana. "I was very scary" na nufin kai ne abin tsoron. Mai jin tsoro scared ne. Haka frightened da frightening, haka disturbed da disturbing. Afraid ba ta zuwa gaban suna, ba a cewa "an afraid boy." Mutum ba ya cewa "I was eerie," sai dai wurin ya zama eerie, ko ya ce "an eerie feeling." Terrific yabo ne duk da kamarta da terrible, haka awesome yabo ne, awful kushe, alhali uwa ɗaya ta haife su. Maganganun jiki kuwa ba sa ƙetare harshe da ƙafarsu. "My front fell" ta daɗe da zama abin barkwanci a makarantu, amma "my heart cut" har yanzu ina cin karo da ita a takardu. Na ba su "my heart skipped a beat" da "my skin crawled" da "my blood ran cold," tare da sharaɗin ɗaya kacal a insha'i guda. In ba haka ba, sai su maye gurbin tsohuwar jimlar da sababbi uku a jere.

Aikin da na ba su a ƙarshe shi ne kowa ya rubuta wani lokaci da hankalinsa ya ƙi kwanciya alhali babu abin da ya same shi. Na sa doka biyu: ba mafarki, ba "fear gripped me." Wasu sun yi abin da na zata, suka zuba eerie da creepy da uncanny a sakin layi ɗaya don in ga sun iya. Waɗannan na mayar musu, na ce kowa ya zaɓi ɗaya ya gaya mini dalilin da sauran biyun ba su dace ba. Uncanny dai ba ta zauna wa yawancinsu ba, in ban da a "uncanny resemblance," na kuma bar su a haka, domin ko masu harshen suna yawan amfani da ita a nan.

Takardar da ta tsayar da ni ta wani yaro ce marar yawan magana, wanda iyalinsa suka baro wani ƙauye ta wajen Batsari saboda 'yan bindiga. Bai rubuta ranar hari ba. Ya rubuta ranar da suka koma da kawunsa ɗauko hatsin da suka bari a rumbu. Ya ce sun tarar da turmi a tsakar gida da taɓarya a jingine yadda aka bar su, igiyar shanya da zane ɗaya a kanta, ba akuya, ba hayaƙi a ko'ina cikin garin. Kalmar eerie sau ɗaya ta fito a duk shafin. Dread ma sau ɗaya, a inda ya ce suna ɗaura buhu suka jiyo ƙarar babur daga nesa, kawun ya tsaya cak da igiya a hannu, har ƙarar ta wuce ta yamma. Wani abokin aikina da ya daɗe yana duba takardun WAEC ya karanta ya ce a ɓangaren sarrafa harshe ba shi da abin cewa, amma yaron zai sha kashi a ɓangaren ƙa'idojin rubutu, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskure har maki 10 su ƙare. Ya nuna mini da jan biro: babu aya a wurare da dama, ga lokacin aiki yana tsalle daga shuɗaɗɗe zuwa na yanzu, ga eerie ɗin kanta an rubuta ta "earie."

Ba shi kaɗai ba ne. Da na sake bin takardun na tarar da "erie" da "errie" da "uncunny" da "omnious." Saboda haka makon da ya biyo baya shifta muka yi, ina faɗa suna rubutawa, kowa ya musanya takarda da na kusa da shi. Eerie na ce su riƙe ta da e biyu a gaba, ie a baya, su kuma furta ta kamar "iri" na shuka amma a ja wasalin farko. Ominous kuma mu raba ta uku, o-mi-nous, domin i ɗin tsakiyar ce kullum ke ɓacewa.